Kwalekwalen Iska, Jirgin da Ake Naɗewa Kamar Tabarma

A wata safiyar Asabar cikin watan Yuni na shekarar 2021, lokacin da Allah ya nufe ni da zaman neman ilmi a birnin Bradford na arewacin Ingila, na sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari da ake kira Bingley, ina saɓe da wata jaka wadda nauyinta bai kai na jarka ɗaya ta 'yan garuwa ba, wadda kuwa duk wanda ya gan ni da ita a hanya zai ɗauka wanki zan kai, alhali jirgin ruwa ne sukutum a naɗe a ciki, da filafilinsa, da kujerarsa, da famfon da za a hura masa iska. Kuɗin da na biya na saye shi bai cika fam ɗari ba, watau bai kai abin da ɗalibi yake kashewa wajen cefanen wata guda a wannan ƙasa ba. Arahar nan ita ta ja ni, ita kuma ta ja ɗimbin mutane irina a waɗancan shekaru na annobar korona, sa'ad da aka rufe gidajen kallo da filayen wasa, aka taƙaita tafiya ƙasashen waje, har mutane suka waiwayo suka ga ashe akwai ruwa kwance a bayan gidajensu.

Tun daren Juma'a na buga wa kawuna waya, dattijon da ya shafe fiye da shekara arba'in yana fito da su a gulbin Yawuri, ina tsammanin zai yi farin ciki da jin cewa ɗan ƙanwarsa ya mallaki jirgi. Ya saurare ni har na kai aya, sa'an nan ya ce, "To, madalla. Kifi kake kamawa?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "Ko fito kake yi wa Turawan?" Na ce ba fito ba ne. Ya ce, "To, me ka ajiye a tsakiyar ruwan da za ka je ɗaukowa?" Da na ce masa shan iska ne kurum, sai ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, kana ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan. Mu da aka yanke wa cibiya a bakinsa ma ba mu shigarsa sai da dalili." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin a wurinmu gulbi gona ne, kuma hanyar kasuwa, mutum ba ya kuwa zuwa gona ya zauna tsakiyar kunya don ya kalli gajimare.

Shi kansa hawan ruwa a bisa iska ba baƙon abu ba ne ga ɗan Adam, balle gare mu. Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya ga masunta sun kifa ciki a kan manyan goruna suna kai-kawo a Matan Fada da homa a hannu, abin da ke riƙe da su kuwa ba komai ba ne illa iskar da ke cikin goran. A babban gidan ajiye kayan tarihi na Landan akwai wasu duwatsu da aka sassaƙa a fadar Nimrud ta ƙasar Iraƙi tun ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, waɗanda suka nuna mutane suna ƙetare kogi rungume da salkunan fata da aka hura. Wani abin ta'ajibi kuma, sa'ad da Baturen nan Layard ya tono duwatsun fadar a wajejen 1847, a kan irin waɗannan salkuna, ɗaruruwa, da aka ɗaure a ƙarƙashin itatuwa, aka gangara da su kogin Dijla. Mutanen Mausil sun daɗe da wannan sufuri: in sun isa Bagadaza su sayar da itacen, su fitar da iskar salkunan, su labta wa jaki su koma gida ta tudu. Wanda ya naɗe jirginsa na roba a yau ya hau jirgin ƙasa da shi, sawunsu ya bi ko bai sani ba.

Siffar jirgin kuwa, da sunansa kayak, daga ƙuryar arewacin duniya suka fito, wurin mutanen Inuwit na Girinlan da Kanada da Alaska, inda sanyi ya hana itace tsira, waɗanda sukan harhaɗa ƙasusuwan manyan dabbobin teku da itatuwan da igiyar ruwa ta tunkuɗo gaɓa, su lulluɓe su da fata, su bar rami ɗaya daidai ƙugun mutum guda. Filafilin irin wannan jirgi baki biyu gare shi, matuƙi ya tsoma dama ya tsoma hagu, ba kamar namu mai baki ɗaya ba. Su ma, kamar kawuna, farauta ce ke shigar da su ruwa. Wanda ya mai da abin wasan nishaɗi shi ne wani lauya ɗan asalin Sikotlan, John MacGregor, wanda ya sa aka ƙera masa nasa na katako a 1865, ya sa masa suna Rob Roy, ya zaga kogunan Turai da shi, ya wallafa littafi a kan tafiyar a 1866. Bayan 'yan shekaru ya kai jirgin nan Masar da ƙasar Sham, har a 1869, a fadamar Hula da ke kan kogin Urdun, mutanen wani ƙauye suka kama shi, suka ɗauke shi ɗungurungum, shi da jirginsa yana zaune a ciki, suka kai shi gaban shehinsu. Ina kyautata zaton tambayar da ke bakinsu ba ta yi nisa da ta kawuna ba.

Haɗa wannan siffa da iska ya jira zuwan roba. A 1844 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Peter Halkett, ya ƙirƙiri wata alkyabba ta yadi mai shafen roba, wadda mutum zai yafa a kafaɗa, in ya iso bakin kogi ya tuɓe ya hura ta zama jirgi, sandarsa ta zama filafili, laimarsa kuma ta kama masa iska. Ya ma gwada ta a kogin Landan ta ɗauke shi. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen roba sun ceci rayukan matuƙan jiragen sama da yawa da suka faɗa teku, a 1952 kuma wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya ƙetare tekun Atlantika cikin kwana 65 a jirgin roba. Amma duk waɗannan jirage ne na soja da masu hali. Talaka bai sami rabonsa ba sai da masana'antu suka ƙware wajen haɗa ledar nan mai kauri da ake kira PVC, wadda ake liƙe gaɓoɓinta da na'ura ba tare da ɗinki ba, kamfanoni irin su Sevylor na Faransa suka fara sayar da ƙananan jirage ga masu zuwa hutu, daga baya kuma masana'antun ƙasar Sin suka karya farashin har ya zo inda ɗalibi irina zai iya miƙa hannu.

Ruwan da na nufa a wannan safiya ba kogi ba ne, hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu tsakanin Leeds da Liverpool, mil 127, aka kammala ta a 1816 domin jigilar kwal da ulu da duwatsu a jiragen da dawakai ke ja daga gaɓa. Da yake ruwa ba ya hawa tudu, sai aka gina masa wasu ɗakuna masu ƙofofi, jirgi ya shiga ɗaki a rufe a cika shi da ruwa har ya ɗago, sa'an nan a buɗe masa na gaba. A Bingley akwai irin waɗannan ɗakuna biyar a jere kamar matakala, waɗanda aka buɗe tun 1774, suna ɗaga jirgi ƙafa 59. Daga samansu kuwa ruwan shimfiɗe yake har kimanin mil 17 ba wata ƙofa, ba gangara, ba igiya, zurfinsa a mafi yawan wurare bai wuce ƙirjin mutum ba, jiragen da ke bin sa kuma an haramta musu wuce gudun mil 4 a awa. In da wani ruwa a duniya da aka halitta domin jirgin araha, to wannan ne, ko da yake waɗanda suka haƙa shi ba su san da haka ba.

Na shimfiɗa jirgin a kan ciyawa, warin sabuwar roba ya buge ni, irin na takalman da ake sayar wa yara da salla. A naɗe ba shi da fasali, kamar tamfol ɗin da aka cire daga kan mota. Cikinsa ɗakunan iska ne daban-daban, kowanne da lambarsa da bawul ɗinsa, ana hura su bi da bi bisa ga lambar, hikimar raba su kuwa ita ce in ƙaddara ta sa ɗaya ya fashe, sauran su riƙe mutum har ya kai gaɓa. Bawul ɗin murfi biyu gare shi: na sama ake buɗewa a sa bakin famfo, iska ta shiga ba ta fita, na ƙasa kuwa sai ranar tashi ake kwance shi gaba ɗaya. Na durƙusa ina ja ina dannawa, famfon yana huci kamar zuga-zugin maƙera, kafin minti goma abin da yake yashe kamar ƙyalle ya miƙe ya yi hanci ya yi wutsiya, wani tsoho da ke shan shayi a kan rufin dogon jirginsa ya ɗaga kofi ya ce mini cikin raha katifata ta yi kyau.

Mai karatu zai so ya san girman abin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwannin Amurka da Turai shi ne na kamfanin Intex da ake kira Challenger K1, na mutum ɗaya, tsawonsa santimita 274, faɗinsa 76, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo 100. Akwai kuma ɗan'uwansa na mutum biyu, Explorer K2, ruwan ɗorawa, mai tsawon santimita 312, wanda ke ɗaukar kilo 180. Nawa na wani kamfani ne dabam, amma duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sirrinsu duka yana cikin ƙarancin iskar da suke sha. In ka kai mota wurin mai faci yakan tambaye ka ko talatin da biyar zai sa mata ko arba'in. To, da wannan ma'auni nasa, jirgin araha kusan ɗaya tak yake sha, domin ledarsa ba ta da zare a ciki da zai hana ta miƙewa, in aka matsa mata sai gaɓa ta buɗe. Saboda haka ne wasunsu suke zuwa da ɗan tsinken awo na leda mai santimita 10, a jikin jirgin kuma an zana layi, mutum ya riƙa hurawa yana gwadawa, da zarar layin ya miƙe ya yi daidai da tsinken sai ya dakata. Jiragen masu tsada, waɗanda aka saƙa dubban zaruruwa tsakanin fatarsu ta sama da ta ƙasa, sukan sha takwas zuwa goma, su yi tauri kamar allo, amma kuɗin guda zai sayi irin nawa biyar ko fiye.

A nan akwai wata mas'ala da ya wajaba mutumin ƙasar zafi ya fahimta fiye da kowa. Iska tana kumbura in ta ji zafi, tana tsukewa in ta ji sanyi. Jirgin da aka hura da hantsi ya yi tauri, da zarar ya taɓa ruwan sanyi sai ya ɗan saki jiki, dole a fito a ƙara masa. Wanda kuma aka bari a gaɓa rana tana dukansa, in zafin iskar cikinsa ya tashi daga digiri 20 zuwa 40, ƙarfin da take tura ledar da shi zai kusan ninkawa, tun da da ma ɗaya tak ne. Da yawan jiragen da suka fashe ba ƙaya ce ta huda su ba, masu su ne suka tafi cin abinci suka bar su a rana. Wanda ya san zafin Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi.

Shigata ta farko ba ta yi kyan gani ba. Akwai wani ɗan fiffike na roba mai tauri da ake zura wa jirgin a ƙarƙashin wutsiya, kamar na kifi, wanda ni a gaggawata na bari a jaka. Sakamakon haka, in na tsoma filafili dama hancin jirgin ya juya hagu, in na tsoma hagu ya juya dama, ina ta fama kamar mai kora jakin da ya ƙi hanya, ruwa yana gangarowa ta sandar filafilin yana shiga hannun rigata. Da na koma na maƙala fiffiken, na kuma gane cewa ba ƙarfin dantse ake so ba, juya ƙugu ake yi a tsoma bakin filafili kusa da yatsun ƙafa a zare shi daidai kwatangwalo, sai jirgin ya daidaita ya kama tafiya, ba da sauri ba, gudun mutum mai tafiya kasuwa a ƙasa. Gajeren jirgi mai faɗi ba ya gudu, wannan hukuncin ruwa ne da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Amma faɗin nan shi ke hana shi kifewa, har ma mutum zai iya ajiye filafili ya buɗe goran shayi ba tare da fargaba ba.

Abin da na samu a cikin awa uku na wannan rana yana da wuyar bayyanawa ga wanda bai ɗanɗana ba. Mutum yana zaune ƙasa-ƙasa, idonsa daidai da ciyawar gaɓa, duniyar da ya saba gani daga tagar mota ta koma wata dabam: bayan tsofaffin masaƙu da dogayen bututun hayaƙinsu, tumaki a kan tuddai, ƙananan gadoji da masu manyan jirage ke tsayawa su tura su gefe, ni kuwa in sunkuya in wuce ta ƙarƙashin waɗanda suka ba da hanya, in fita in kewaye waɗanda ba su bayar ba. Wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, wanda ya fi dinya girma, yana tafe da 'ya'yansa, ya taso mini yana huci kamar kububuwa, na ba shi hanya da ladabi domin na tuna abin da nake zaune a kai. Ba ƙarar inji, ba warin mai, sai ɗigar ruwa daga bakin filafili. Rabona da in sami natsuwar tafakkuri irin wannan tun ina yaro a bayan gari, kuma na fahimci abin da ya sa Bature, wanda agogo ya mallake, yake biyan kuɗi domin ya je inda ba abin da ke sauri.

Na ce biyan kuɗi, domin a Ingila ruwa ma da mai shi. Hanyoyin ruwa irin wannan, kimanin mil 2,000, suna hannun wata hukumar amana, Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, kuma ko jirgin leda sai da lasisi, wanda yawancin mutane ke samu ta hanyar shiga ƙungiyar matuƙa ta ƙasa. Mafi yawan kogunan Ingila kuwa masu gonakin da ke gaɓarsu suna da'awar ikon hana wucewa, saɓanin Sikotlan inda dokar 2003 ta buɗe ruwa ga kowa muddin ya kiyaye haƙƙin wasu. Kawuna, wanda bai taɓa neman izinin kowa ba sai na Sarkin Ruwa, da ya ji wannan da ya yi dariya.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, ni kuwa na ga gaskiyar maganar a watan Agusta, kuma laifin nawa ne ba na jirgin ba. Da na ga na saba da kwantaccen ruwa, sai zuciya ta raya mini in gwada Windermere, tafkin da ya fi kowanne girma a Ingila, mai tsawon kimanin mil 11, wanda zurfinsa ya wuce ƙafa 200 a wasu wurare. Na shiga da 'yar iska tana busowa daga bayana, jirgin yana tafiya kamar an sa masa inji, ina yaba ƙwarewata. Sai da na juyo zan koma na gane ba ni nake tuƙi ba tun farko. Jirgin katako yana nutsa jikinsa cikin ruwa, ruwan ya riƙe shi. Jirgin iska kuwa a bisa yake kamar ƙwaryar da aka ɗora a kan randa, abin da ke cikin ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, sauran jikinsa duk bango ne da iska ke turawa. In na yi tuƙi goma na ci gaba taku uku, in na tsaya in huta ta mai da ni taku biyar, tsakiyar jirgin yana lanƙwashewa a kan kowace igiya, ruwan sanyi yana tsallakowa cinyata. Tafiyar minti ashirin ta zama ta fiye da awa guda, na kuwa fita ne a wata gaɓa dabam, na saɓi jirgin a ka na dawo da ƙafa, hannuwana suna rawa. Iskar da ke cikinsa ita ke ɗauke da ni, 'yar'uwarta da ke waje kuma saura kaɗan ta tafi da ni. Daga ranar ban sake fita ba sai na duba hasashen yanayi, in kuma akwai iska, sai in fara da fuskantarta tun ina da ƙarfi, domin ta rako ni gida sa'ad da na gaji.

Tafki ma ke nan, mai gaɓa ta kowace fuska. A bakin teku, inda iska ke busowa daga tudu ta nufi ruwa, ba wata gaɓa a gaba, shi ya sa ƙungiyar nan ta masu ceton rai a teku, RNLI, wadda aka kafa tun 1824 kuma galibin ma'aikatanta 'yan sa-kai ne, ba ta gajiya da gargaɗin masu kayan hurawa kowace bazara: a duba inda iska ta dosa, a sa waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Akwai kuma sanyi. Ruwan da ya gaza digiri 15 yakan sa wanda ya faɗa cikinsa ba zato ya ja numfashi ba da nufinsa ba, ya shaƙi ruwa, komai gwanintarsa da iyo, tekun ƙasar kuwa a tsaka-tsaki bai wuce digiri 12 ba. Iya ruwa fid da kai, gaskiya ne, amma sai in ruwan ya ba ka zarafin iyawa. Maganin wannan rigar ceto ce, wadda ba ta zuwa cikin jakar jirgin araha, sai an saya dabam, da yawa kuma sukan ga tun da jirgin kamar abin wasan yara yake, ba ya bukatar ta. Malamanmu sun daɗe da warware wannan mas'ala, cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Gafala ce barin sababin da ke hannu sa'an nan a jingina abin da ya biyo baya ga ƙaddara.

Kada a ɗauka ina kushe jirgin ne. Wata Ba'amurkiya daga Hawai, Audrey Sutherland, wadda ta rasu a 2015, tana da kimanin shekara sittin ta fara bin gaɓar Alaska ita kaɗai a jirgin hurawa, ta shafe shekaru tana komawa har ta tuƙa dubban mil. Sai dai ita ta san taswira, ta san lokacin cikar teku da janyewarsa, ta san ranar da ake zama a gaɓa a jira. Jirgina ma ya yi mini biyayya duk bazarar. Sau ɗaya ya sace, na shafa masa ruwan sabulu har na ga inda kumfa ke tashi, na goge na shafa gam na ɗora faci, daidai yadda masu faci na bakin tasha ke yi wa tif. Wahalarsa ta gaskiya ba a ruwa take ba, a gida take: dole a wanke shi a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba fumfuna ta kama shi, a ɗakin ɗalibi kuwa, a ƙasar da rana ke rowa, wannan yana nufin kwana biyu kana tsallake jirgi kafin ka kai ga gadonka. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, bayan bazara ɗaya ko biyu jirginsa zai koma juji, ledar da ba ta ruɓewa, ya sayi wani saboda araha, wannan kuwa israfi ne ko da kuɗin kaɗan ne.

Ba zan iya kallon ledar nan kuma ban tuna da wata fuskarta ba. Irinta ce, an faɗaɗa ta an tsawaita, masu fasa-ƙwaurin mutane ke cikawa da 'yan Afirka fiye da ɗari a gaɓar Libiya, cikinsu har da waɗanda suka ratsa ta Agadas, su tura su Bahar Rum da dare. Abin ya kai har a Yulin 2017 Tarayyar Turai ta ba ƙasashenta damar taƙaita sayar wa Libiya jiragen roba da injinansu. Ni ina hawanta ne in sha iska in koma ɗaki in yi shayi.

Abokai sukan tambaye ni ko jirgin zai yi amfani a gida. A tafkin Jabi na Abuja an riga an saba ganin matasa suna hayar ƙananan jirage suna tuƙi da yamma, kuma ba na shakkar akwai lungunan Tiga ko Bagauda da za su karɓe shi da sassafe kafin iska ta tashi. Sai dai ruwanmu da nasa sharuɗɗan. Gaɓarmu cike take da ƙayar bagaruwa da farar ƙaya, masunta suna shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa, madatsun ruwa da yawa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna tsaye ba a ganinsu. Inda dorina take, kamar wasu sassan Kwara da Binuwai, ko jirgin katako ba ta bari ba balle leda, kada ma haka. Kwantaccen ruwa mai ciyawa kuma gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, mai jirgin hurawa kuwa ba makawa sai ya jiƙe. Wanda ya yi niyya, wajibi ne ya fara da gaida Sarkin Ruwa da masuntan wurin, ya tambaye su, domin abin da suka sani ba ya cikin takardar da ke zuwa a kwali.

A ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekara ta 2021, jirgina yana naɗe a ƙarƙashin gado saboda hunturu, labari ya iso mu cewa wani kwalekwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau da ke kan hanyar zuwa Mauludi, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Watanni shida kafin nan an yi irin wannan rashi a Warrah ta ƙasar Ngaski, ba nisa da inda kawuna ke fito. Na daɗe a daren ina kallon rigar ceton da ke rataye a bayan ƙofata, wadda na saya domin wasa.

Da lokacin dawowata ya matso, na sake buga wa kawuna waya in tambayi abin da yake so in zo masa da shi. Ashe wani jikansa ya nuna masa hoton da na aika tun bazara, ina zaune cikin jirgin a ƙarƙashin wata gada. Ya ce, "Na ga salkar taka. Wannan ko buhun gero biyu ba za ta ɗauka ba, ka bar wa Turawa kayansu." Na ce, "To, Kawu." Ya yi gyaran murya, ya ce, "Amma wannan 'yar shara mai kumburi da ke jikinka, nawa suke sayar da ita can?" Na gaya masa. Ya yi lissafi a hankali, ina jin motsin carbinsa, sa'an nan ya ce, "In jakarka da wuri, ka zo mini da huɗu. Biyu su zama na yara."